Wai me ke lalata anime idan aka mayar da shi fim na mutane?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan.

Babban yarona, ɗan shekara 11, ya kwashe wata biyu yana bin anime (wato katun ɗin Japan) na Dragon Ball na asali, tun Goku yana ƙaramin yaro mai jela a dawa har zuwa karawarsa da Piccolo. Jiya bayan isha'i sai ga shi ya shigo da gudu daga shagon masu tura fim na bakin layinmu, yana ta murna, wai "Baba, ashe akwai na mutane!" Dragonball Evolution aka tura masa, na 2009. Ni na san abin da ke ciki, don na saye shi a faifai shekarar da ya fito, amma ban so in sare masa gwiwa ba. Muka jingina wayar da filas ɗin shayi, muka zauna a tabarma. Ba a yi minti 20 ba ya juyo ya ce, "Baba, wai yaushe Goku zai fito ne?" Alhali Gokun yana gabansa tun da aka fara.

Yaron nan bai damu da cewa Bature ne ya fito a Goku ba, bai ma kula da wannan ba. Halin ne bai gane ba. Gokun da ya sani ya tashi ne shi kaɗai a kan dutse bayan rasuwar kakansa, ganinsa na farko da mota ya ɗauka dodo ce, da aka yi masa zancen aure ya zaci wani abinci ne. Zuciyarsa fes take, shi ya sa gajimaren nan da yake hawa ya tashi sama yake yarda ya ɗauke shi. Na fim ɗin kuwa ɗan sakandare ne, yara suna cin zalinsa, yana shafa mai a gashi, yana jin nauyin yi wa Chi-Chi magana. Ba jela, ba gajimare, amininsa Krillin ma babu shi gaba ɗaya.

A ganina ba kaya ba ne, ba launin fata ba ne, ba kuma aikin kwamfuta ke kashe waɗannan finafinai ba. Masu yin su ne ke jin kunyar labarin da suka sayo, sai su cire masa zuciyarsa su dasa wadda suka saba da ita. Ko kuna ganin ba haka ba ne?

Auta_Zk:
Wa alaikumus salam. Allah sarki yaro, wallahi ya ba ni tausayi. Ni ranar da na kalle shi har ƙarshe na daure, ina ta sa ran zai gyaru. Da na ga ana koyon Kamehameha, harbin ƙarfin nan da Goku ke yi da hannuwansa, da kunna fitilu, na san an gama da mu.

Malam_Na_Lungu:
Baban Ilham, maganarka tana da shaida daga bakin mai ita. Wanda ya rubuta fim ɗin, Ben Ramsey, ya fito a 2016 ya nemi gafarar masoya Dragon Ball. Ya amsa da kansa cewa kuɗi ya bi, ba don yana ƙaunar labarin ya karɓi aikin ba. Shi ma Akira Toriyama, wanda ya ƙirƙiri Dragon Ball, ya faɗa cewa ya ba su shawarwari ba su saurare shi ba. Kuma da Toriyama ya rasu a watan Maris na 2024, Justin Chatwin da ya fito a Goku ya yi ta'aziyya, a ciki ya ba da haƙuri kan yadda suka ɓata aikin. To idan mai rubutu da jarumi duk sun ce sun yi laifi, mu me ya rage mu ce?

Amma wani hanin ga Allah baiwa ne. Ɓacin ran fim ɗin nan yana cikin abin da ya dawo da Toriyama bakin aiki, ya sa hannu sosai a Battle of Gods na 2013, daga nan aka samu Dragon Ball Super.

Sarkin_Zane:
Ni ban yarda da kai gaba ɗaya ba, Yaya Baban Ilham. Zane sana'ata ce, allon shaguna da bayan motoci nake yi, kuma ina ganin matsalar ta fi rashin ƙauna zurfi. Ko uwar Goku aka ba wa kyamara ba za ta iya ba.

Ido yana yi wa zane uzurin da ba ya yi wa mutum. Idan na zana yaro da gashi tsaye kamar ƙaya, da ido rabin fuska, ba wanda zai ce ƙarya ne, don tun farko mai kallo ya san duniyar zane ya shiga. A can mutum zai yi fushi kansa ya kumbura, a buga masa guduma ya miƙe, a wuce wurin. Sa wa ɗan Adam wannan gashin ka gani. Nan take ido zai fara ƙirga abin da bai yi daidai ba: gashin kanti ne, rigar sabuwa ce fil ba ta taɓa ganin ƙura ba, takobin nan ba shi da nauyi.

Sannan akwai sirrin motsi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Su Japanawa tun zamanin Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963 suka saba da rage zane, sau da yawa 8 kacal a daƙiƙa, wani lokacin ma hoto ɗaya za a tsayar cak ana jan kyamara a kansa, kiɗa na tashi, jarumi yana magana a zuci. Rashin kuɗi da ƙarancin lokaci suka jawo haka, amma ya zama salo. Wannan tsayawar ita ke sa tsigar jikinka ta tashi. Ɗan wasa ba zai iya tsayawa minti guda bai ƙifta ido ba muna jin tunaninsa. Dole ya motsa, da ya motsa kuma abin ya tafi.

UmmuHanan:
Sarkin Zane ka yi bayani, amma Death Note ya rushe maka hujja. A ciki ba mai tashi sama, ba mai gashin ƙaya. Ɗalibi ne da littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, sai ɗan sandan ciki mai shan zaƙi da ake kira L. Aljani ɗaya ne ke buƙatar kwamfuta, kuma shi ne ma abin da Netflix suka fi yi da kyau a fim ɗinsu na 2017, don muryar Willem Dafoe ta dace da Ryuk kamar don shi aka yi ta. Duk da haka suka lalata shi.

Light Yagami na asali shi ne na ɗaya a jarrabawar ƙasa, ɗan babban jami'in 'yan sanda, kowa yana yabon tarbiyyarsa. Abin tsoron kenan, yaron da ake kafa misali da shi ne yake kashe mutane a ɗakinsa yana ganin gyara duniya yake yi. Su kuwa suka kai labarin Seattle, suka sa masa suna Light Turner, ganinsa na farko da aljanin ya dinga kurma ihu yana ɓuya a aji. Ba a je ko'ina ba ya ɗauki littafin ya nuna wa yarinya don ya burge ta. Light ɗin da na sani ko mahaifinsa bai taɓa gaya wa sirrinsa ba. L kuma, wanda duk ƙarfinsa a natsuwa yake, sai ga shi da bindiga yana tseren gudu a titi. Wannan ba gazawar kyamara ba ce, zaɓi ne suka yi. Ina bayan Baban Ilham.

Dan_Fagge:
Anti Ummu kin gama magana. Wurin da L ya sa wani fursuna ya fito a talabijin da sunansa, Light ya harzuƙa ya kashe shi, nan take L ya gane a yankin Kanto yake, wannan wurin kaɗai ya fi fim ɗin Netflix duka.

Hajjo92:
Ku dai ku duba lokaci. Death Note kashi 37 ne, wajen awa 14 kenan. Fim ɗin bai kai awa biyu ba. Yaya za a zuba ruwan randa a kofin shayi? Dole a zubar da wani. Dragon Ball ma littafi 42 ne, daga 1984 zuwa 1995 ana bugawa, aka matse a ƙasa da awa ɗaya da rabi.

UmmuHanan:
@Hajjo92 ƙawata, ai Japanawa sun yi nasu a 2006, fim biyu, Tatsuya Fujiwara a Light, Kenichi Matsuyama a L. Su ma sun yanke, sun ma sauya ƙarshen labarin ɗungurungum, L ya rubuta sunansa da hannunsa a littafin don kada wani ya riga shi. Amma mutane da yawa suna son wannan ƙarshen, domin abu ne da L zai iya aikatawa. Yanka ba laifi ba ne idan mai wuƙar ya san gaɓa.

Kyaftin_Levi:
To tunda an fara wanke Japanawa bari in shigo. Kada kowa ya ɗauka Hollywood kaɗai ke wannan ta'asa. Attack on Titan na 2015 su suka yi abinsu, fim biyu, darakta Shinji Higuchi. Ina Levi, gwarzon kyaftin ɗin sojojin labarin? Babu. Suka ƙirƙiro wani Shikishima suka sa a gurbinsa, har da wani zama da yake ba Mikasa tuffa tana gutsura. Mikasar da ba ta ganin kowa a duniya sai Eren, jarumin labarin!

Babban abin da ya fi ƙona mini rai shi ne uwar Eren. A kashi na farko na anime ɗin, yaro yana ji yana gani ɗaya daga cikin ƙattin nan masu cin mutane ya zaro mahaifiyarsa daga ƙarƙashin ɓaraguzan gida ya cinye ta. Duk fushin da ya ɗauke shi har ƙarshen labari daga nan ya taso. A fim suka cire wannan, suka mayar da shi zancen saurayin da ya rasa budurwa. Na yarda ƙattin suna da ban tsoro, kuma tsibirin Hashima da suka ɗauki wani ɓangare a ciki ya yi kama da duniyar da ta ƙare. Amma ka cire wa gini tubalin tushe ka ce fenti ya yi kyau?

Auta_Zk:
Haka The Last Airbender na 2010, shi ma har sunan Aang suka canza yadda ake faɗa.

Malam_Na_Lungu:
Auta ƙanina, wancan ba na Japan ba ne. Katun ɗin Amurka ne na tashar Nickelodeon, salon zanen ne ya yi kama. Fim ɗin dai ya ɓaci, wannan ba musu, amma ba ya cikin lissafinmu.

Auta_Zk:
Na gode Malam, wallahi duk shekarun nan na ɗauka nasu ne.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan da Faransanci munka san su. Goku a wurinmu Sangoku ne, tsohon malaminsa kuma Tortue Géniale. In an taso daga lakwal sai mu taru gidan mai tele, wanda ya makara ya leƙa ta taga. Wanda ya fi shiga raina shi ne Les Chevaliers du Zodiaque, wato Saint Seiya. Sulken nan nasu masu walƙiya har a bayan littafin makaranta nike zana su.

Da anka ce an yi na mutane a 2023 ban yi barci ba don murna. Da na gani, sulken Pegasus ya dushe kamar tsohon kwano, abokan Seiya huɗu da su ne daɗin labarin ba a tara su ba. An kashe wajen dala miliyan 60, abin da ya dawo bai kai miliyan 10 ba. Sun so su yi jerin finafinai, tun na farko abin ya tsaya.

Amma ku ji abin mamaki. Wani Bafaranshe, Philippe Lacheau, ya yi Nicky Larson a 2019, wanda ku kuka sani da City Hunter. Yawanci Faransawa ne a ciki, a Faransa anka yi, kuma masoya sunka karɓe shi hannu biyu, saboda shi kansa da katun ɗin ya girma. Don haka maganar Baban Ilham tana da ƙamshin gaskiya.

Baban_Ilham:
Sannu da zuwa mutumin Maraɗi, ina gaisuwa. Ka ga abin da nake faɗa ko? Mai son abu ko ya kuskure za ka ga alamar so a kuskuren.

Tsohon_Akawu:
Ku yara kuna ta zancen so da ƙauna, ni bari in yi muku zancen lissafi. Kamfani ba ya sayen labari don ya faranta wa wanda ya riga ya san shi. Sunan yake saye. Ya san ku masoya ko kuna zagi za ku kalla, to hankalinsa yana kan miliyoyin da ba su taɓa jin sunan ba. Shi ya sa ake sassauta komai, a sa makarantar sakandare, a sa soyayya, a sa bos ɗin da za a kashe a ƙarshe.

Ku ɗauki Ghost in the Shell na 2017. An zuba dala miliyan 110. Mai irin wannan kuɗi ba zai yarda a sa fuskar da duniya ba ta sani ba, sai aka ɗauko Scarlett Johansson. Duniya duka abin da ya tara wajen miliyan 170 ne, kuma kusan rabin kuɗin tikiti gidajen silima ke riƙewa, ga kuɗin talla daban. Faɗuwa ce. Sun ɓata wa masoya rai, baƙin da suka yi dominsu kuma ba su zo ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Yar_Zazzau:
Baba Akawu, ni a kan wannan fim ɗin raina biyu ne. Mamoru Oshii da ya yi na 1995 da kansa ya ce bai ga laifin sa Scarlett ba, tunda jikin Major, jarumar labarin, na ƙarfe ne, ƙerawa aka yi. Na karɓi wannan. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda suka warware zancen a cikin fim: wai ashe yarinya ce Bajapaniya mai suna Motoko Kusanagi aka sace, aka ɗauki ƙwaƙwalwarta aka sa a jiki mai siffar Baturiya. Wato abin da ake zarginsu da shi suka mayar labari. Gara da sun yi shiru.

Kuma sun kwafi hotunan tsaf, faɗowar nan daga saman bene, faɗan cikin ruwa, tankar nan mai ƙafafu irin na gizo-gizo. Idonka zai ƙoshi. Sai dai na 1995 tambaya yake yi mai nauyi: in an sauya maka jiki duka, an kuma iya taɓa abin da kake tunawa, me ya rage da za a ce kai ne? Na kwana ina juya wannan a raina. Sabon kuwa ya koma neman wanda ya cuce ta don ta rama.

Gwani_Mk:
Ni fa Ghost in the Shell ɗin ya burge ni, ku yi haƙuri. Ban taɓa kallon na zanen ba lokacin, na shiga ban san komai ba, na fito na ji daɗi. Shi ne ma ya sa na nemi na 1995. Ba kowa ne ya taso da waɗannan abubuwan ba. Wani ta wannan ƙofar da kuke rainawa zai shigo.

Kyaftin_Levi:
@Gwani_Mk to da ka kalli na asalin fa, wanne ya fi?

Gwani_Mk:
Na asalin mana. Amma ban fasa son wancan ba.

Maman_Biyu:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Baban Ilham, ka ce yaro ɗan shekara 11 yana zuwa shagon tura fim shi kaɗai? Don Allah a riƙa dubawa. Mutane suna ganin zane sai su ce na yara ne. Attack on Titan da Death Note ba na yara ba ne ko kusa. Shi kansa Dragon Ball na farko akwai wuraren tsohon nan Roshi, malamin Goku, da ni sai na tura gaba in ina tare da nawa.

Baban_Ilham:
Gaskiyarki Maman Biyu, Allah ya saka da alheri. Wanda yake kallo ni na tace masa da hannuna. Na jiyan ne ya je da kansa, kuma na yi wa mai shagon magana da safen nan, mun fahimci juna.

Hajjo92:
Wannan ciwon ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wadda ta taɓa karanta littafin Hausa ta ƙaunace shi, sannan aka ce an mayar da shi fim, ta san shi. Kin riga kin gina jarumar a ranki, tsayinta, muryarta, yadda take ɗaura ɗankwali. Ranar da kika ga wata a allo sai ki ji kamar an shigo miki ɗaki an sauya wa kayanki wuri. Ko ta iya wasa sai kin ji haushi. Anime ya ma fi tsanani, don shi ba a zuci kaɗai kika gina ba, kin ga fuskar, kin ji muryar shekara da shekaru.

Sarkin_Zane:
Hajjo ta taimake ni. Ga Fullmetal Alchemist na 2017, wanda ba za a ce ba su bi labari ba. Sun bi, har Italiya suka je ɗaukar wasu wurare don garin ya yi kama da Turai. Alphonse da aka yi da kwamfuta ya fito sumul, don shi sulke ne ba fuska. Amma yayansa Edward, jarumin labarin, fa? Ryosuke Yamada ne, mawaƙin wata ƙungiyar samari, aka ɗora masa gashi ruwan zinare. Duk inda ya juya gashin kake kallo. Labarin yarinyar nan Nina da karenta, wanda a zane ya hana ni cin abincin dare, a fim na kalle shi ido a bushe. An bi komai, kuma bai yi ba. To Yaya Baban Ilham, nan wa ya ji kunyar labari?

Tsohon_Akawu:
Wannan ma lissafi ne, Sarkin Zane. A Japan taron kamfanoni ke haɗa kuɗin fim, mai buga littafin, gidan talabijin, masu talla, wani lokacin da masu kula da 'yan wasa. Kowa da nasa buƙatar. Wanda ke da masoya mata dubbai da za su sayi tikiti shi ake ba jarumi. Kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na Amurka ba.

Malam_Na_Lungu:
Ranka ya daɗe, zancen ƙarancin kuɗi ba ya tsayawa ko'ina. Godzilla Minus One na 2023 bai ci dala miliyan 15 ba, ya kuma ɗauki Oscar na aikin kwamfuta a 2024, ya kayar da waɗanda suka kashe ninkinsa goma. Cowboy Bebop na Netflix kuwa kuɗi ba su yi masa ƙaranci ba, har Yoko Kanno mai kiɗan asali suka dawo da ita. Ya fito ranar 19 ga Nuwamba 2021, kafin sati uku su cika aka ce ba za a ci gaba ba. Shinichiro Watanabe da ya yi na 1998 ya ce farkon kawai ya gani ya kasa ci gaba. Jaruminsa Spike na asali mutum ne mai ƙarancin magana, baƙin cikinsa a shiru yake. Suka cika wurin da surutu da barkwanci.

Dan_Fagge:
Duk wannan hira ba wanda ya ambaci Samurai X? Haba jama'a. Shi ne Rurouni Kenshin, fim biyar ne, daga 2012 zuwa 2021, Takeru Satoh a Kenshin, kuma ban ga wanda ya kalla ya yi da-na-sani ba. Tabon nan na kumatu, takobin da kaifinsa ke baya don ya yi alkawarin ba zai sake kisa ba, yadda yake sunkuyar da kai yana murmushi sannan in an taɓa na kusa da shi idonsa ya sauya, duk suna nan. Faɗan kuma da jiki aka yi shi, ana gudu ana zamewa a ƙasa, Kenji Tanigaki ne ya tsara, mutumin da ya daɗe yana aiki a finafinan Hong Kong.

Sarkin_Zane:
Ai Kenshin hujjata ce, ɗan Fagge. Mutane ne da takubba a Japan ta zamanin Meiji, wajen 1878. Japanawa sun fi shekara 70 suna fim ɗin samurai, suna da kayan, suna da garuruwan, sun san yadda ake riƙe takobi. Zanen ne ya aro daga fim tun asali, sai ya koma gida. Ba a nemi kowa ya miƙa hannunsa ya yi tsawon igiya ba.

Yar_Zazzau:
To ga wanda aka miƙa hannu kamar igiya: One Piece na Netflix, Agusta 2023. Idan akwai labarin da ya kamata ya gagara, shi ne. Yaron roba, ɗan kama mai jan hanci da ake yanka shi gunduwa-gunduwa ya haɗe, mutanen kifi, wayar tarho ta dodon koɗi. Kuma ya yi.

Dalili biyu nake gani. Ba fim suka yi ba, kashi 8 suka yi, kowanne wajen awa guda, aka samu wurin numfashi. Na biyu, Eiichiro Oda, wanda ya ƙirƙiri labarin, yana kan aikin, kuma an yi da shi cewa ba za a saki ba sai ya gamsu. Sun cire dogon hancin Usopp, sun cire naɗaɗɗiyar girar Sanji, sun rage Don Krieg ya zama ɗan leƙe. Ba wanda ya yi kuka sosai, domin Luffy ɗin, yaron robar, Luffy ne. Iñaki Godoy da ya fito a Luffy ɗan Meziko ne, a Cape Town ta Afirka ta Kudu aka ɗauka, amma da Nami ta juyo da hawaye ta ce ya taimake ta, ya cire hularsa ya ɗora mata a ka, wallahi sai da na share ido kamar ranar da na fara gani a zane.

Kyaftin_Levi:
One Piece ɗin ma ni ban sake jiki da shi ba. Faɗan Arlong ya yi gajere, kuma an jawo Garp tun da wuri ya cinye lokacin da ya kamata a ba mutanen ƙauyen Nami. Ya fi sauran, amma fin gurgu gudu ba abin alfahari ba ne. Yanzu kuma ga Naruto, tun Fabrairun 2024 aka sanar Destin Daniel Cretton zai yi wa Lionsgate. Gabana faɗuwa yake.

Ɗan_Maraɗi:
Ni tambayata, dole ne sai an yi? Abin da anka zana ya yi kyau, a bar shi a zanensa mana. Kamar ana ganin zane bai cika fim ba sai an sa mutane a ciki.

UmmuHanan:
Wannan tambayar taka ita ce ta fi damuna, ɗan'uwa. Spirited Away zane ne, ya ci Oscar a 2003, ba wanda ya ce sai an sa mutane kafin a girmama shi. Amma kuma ba zan ɓoye ba, mahaifiyata ba za ta taɓa zama kallon katun ba, ta ce wasan yara ne. One Piece na mutane kuwa tare muka kalla, har tana tambayata ko yaron mai hula ya samu jirginsa. Ta nan kaɗai na iya raba wannan labarin da ita.

Baban_Ilham:
Na karanta duka, na kuma ƙaru. Sarkin Zane, zancen Fullmetal Alchemist ya tsaya mini, ban da amsarsa, don can ba a ji kunyar labari ba kuma bai yi rai ba. Amma har yanzu in na tuna fuskar yarona yana jiran Goku, ban ga zane ko lokaci ko kuɗi a ciki ba. Mutumin da ya sani ne bai zo ba.

Ɗazu da ya dawo daga islamiyya na tarar ya goge fim ɗin da kansa, wai waje yake nema a wayar don in sa masa Dragon Ball Z. Ɗan Fagge, wannan Kenshin ɗin ni zan fara kallo tukuna. Da wanne ake farawa, tunda ka ce biyar ne?

Dan_Fagge:
Fara da na 2012, Yaya, sai biyun 2014, Kyoto Inferno da The Legend Ends. Na 2021 su ma biyu ne, The Final da The Beginning. The Beginning shi ya fito a ƙarshe amma labarinsa ne farkon komai, yadda ya samu tabon. Wasu suna cewa a fara da shi, ni dai na ce ka bar shi ƙarshe. Kuma shi kam kada ka kalla da yaro, akwai jini sosai.

Hajjo92:
A'a ɗan Fagge, ya kalli The Beginning kafin The Final. In bai san Tomoe ba, ba zai gane abin da ke cin ƙaninta Enishi ba.